Kafin ka zana rukunai, ka fara raɗa wa shafi suna

Duk wanda ya ji ina cikin masu kula da wani ɗan wiki na masu haɗa wutar sola a gida, wato shafukan intanet da jama'a ke rubutawa tare suna gyarawa, tambaya biyu yake min. Ta farko, wace manhaja muke amfani da ita. Ta biyu, yaya muka tsara rukunan. Ta farkon ba ta da wuya. MediaWiki ce, wadda Wikipedia ke tafiya a kanta, kuma duk matsalar da za ka ci karo da ita wani ya riga ka gamuwa da ita ya rubuta maganinta. Wanda ba ya son ɗawainiyar rumbun bayanai yana iya ɗaukar DokuWiki, wadda Andreas Gohr ya fitar a 2004. Ita kowane shafi fayil ne na rubutu zalla a cikin folda, ko manhajar ta lalace kana iya buɗe shafukanka ka karanta. Ko wacce ka ɗauka za ta yi maka aiki.

Ta biyun ce nake ɗan jan numfashi kafin in amsa. Mai yin ta yawanci ya riga ya zauna da biro da takarda ya zana abinsa tsaf: Batura a sama, a ƙarƙashinsu na ruwa da na litiyam, a ƙarƙashin na litiyam kamfani-kamfani. Can gefe ga Farantai, ga Inbata, ga Wayoyi, ga Tsaro, ga Lissafi, kowanne da 'ya'yansa har da jikoki. Shafi kuwa ko ɗaya bai rubuta ba. Zanen yana da kyau, kuma na san daɗin yin sa, domin mutum yakan ji kamar ya ci rabin aiki. Amma ka sa kanka a matsayin baƙon da ya shigo. Ya danna Batura, ya danna Litiyam, ya tarar wayam. Ya koma ya danna Wayoyi, nan ma wayam. Ba zai danna na uku ba. Mai son rubutu shi ma zanen takura masa yake yi: yana da abin faɗa game da yadda zafi ke rage ƙarfin faranti, sai ya tsaya tunanin ko Farantai zai sa shi ko Lissafi, kafin ya yanke shawara sha'awar ta bi iska.

Tarihin Wikipedia kansa ya ishi mai neman hujja. Kafin ita akwai Nupedia, ita ma kundin ilimi ce ta intanet, wadda Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe a watan Maris na 2000. An tsara ta da kyau, an sa matakai bakwai na tantancewa da kowace maƙala za ta bi kafin a wallafa ta, an nemo masana. Har aka rufe ta a 2003 maƙalolin da suka kammala ba su kai 30 ba. Wikipedia kuwa, da aka buɗe ranar 15 ga Janairun 2001 a matsayin wurin da za a riƙa tara wa Nupedia daftari, ta tara kusan maƙaloli 20,000 a shekararta ta farko. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, tsarin rukunin da muke gani a ƙasan kowace maƙala a yau sai a 2004 ya shigo manhajar, a lokacin Wikipedia ta Ingilishi ta riga ta wuce maƙala 200,000. Shekara uku kenan ana rubutu ana samun abin da ake nema ba tare da rukuni ba. Abin da ya riƙe ta shi ne sunayen shafuka da mahaɗan da ke tsakaninsu.

A nan nake so in daɗe, domin a ganina nan ne tsarin wiki yake.

Wiki na farko Ward Cunningham ne ya buɗe shi ranar 25 ga Maris 1995, a birnin Portland na jihar Oregon a Amurka, domin masu rubuta manhaja su riƙa musayar dabarun aikinsu. Hanyarsa ta yin mahaɗi mai sauƙi ce: ka haɗe kalmomi biyu ko fiye ba tazara, kowacce da babban harafi a farkonta, kamar a ce BatirinRuwa, shi kenan ya zama mahaɗi. Idan shafin yana nan za a kai ka, idan babu sai alamar tambaya ta fito a gefen kalmar, tana gayyatar duk wanda ya san abin ya danna ya rubuta. Rubutun bai da kyan gani, shi ya sa Wikipedia ta bar shi tun shekararta ta farko ta koma sa suna tsakanin baka biyu-biyu. Amma ka'idar ba ta canza ba har yau: sunan shafi shi ne mahaɗinsa. Saboda haka sunan da ba zai zauna a tsakiyar jimla ba, ba wanda zai riƙa kawo shi, shafin kuma zai zauna shi kaɗai.

Gwajin da muke yi wa kowane suna kenan. Wani ya buɗe shafi ya kira shi "Muhimmin bayani game da batura kashi na 2". Wace jimla ce za ta ɗauki wannan? Babu. Amma "Batirin litiyam" zai shiga jimla ɗari ba tare da mai rubutu ya je ya duba yadda aka rubuta shi ba, zai yi hasashe kawai ya dace. Abin da ake nema kenan, sunan da mutum biyu da ba su yi shawara ba za su faɗa iri ɗaya. Shi ya sa muke cire "bayani a kan" da "game da" da "yadda na gani", muke amfani da tilo ba jam'i ba, kuma muka hana kalmar "sabon" a suna, domin sabon bana tsohon baɗi ne, sunan kuwa yana nan.

Shafukanmu sun rabu gida biyu ba tare da wani ya raba su ba. Akwai na abubuwa: "Inbata", "Fis", "MPPT" (wata irin na'urar daidaita caji), "Kaurin waya". Akwai kuma na damuwa, kuma su ne mutane suka fi buɗewa. Wanda wutarsa ta ɗauke ba ya neman "Matsalolin inbata", domin bai ma san ko inbatar ce ba. Abin da ya gani yake nema. Don haka muna da shafi mai suna "Batir ba ya kai wa asuba", da wani "Inbata tana mutuwa idan firij ya tashi". Na biyun gajere ne ƙwarai: kwamfaresar firij tana jan wuta ninki da yawa na abin da take ja a kullum a daidai lokacin da take tashi, idan inbatar ba za ta iya ɗaukar wannan fizgar ba, ko wayar da ke tsakaninta da batir ta yi siriri, sai ta kashe kanta. Daga nan shafin ya miƙa ka ga "Kaurin waya" da "Inbata". Shafin damuwa ƙofa ne, cikakken bayani yana shafin abu. Idan aka bar masu rubutu suna maimaita bayanin kaurin waya a kowane shafin damuwa, ranar da aka gano kuskure a lissafin sai an bi wuri goma ana gyara, kuma tabbas za a manta da biyu.

Sai maganar rubutu. Wani zai rubuta batir, wani batur, wani batiri. Wani wayarsa ba ta da haruffa masu lanƙwasa, zai nemi "karfin faranti" alhali shafin "Ƙarfin faranti" ne. MediaWiki kuma tana bambance babban harafi da ƙarami a ko'ina cikin suna ban da harafin farko, wato "Batirin Litiyam" da "Batirin litiyam" shafuka biyu ne a wurinta. Duk wanda ya nema bai samu ba, idan mai himma ne, sabon shafi zai buɗe, sai ka wayi gari da shafi uku a kan abu ɗaya, kowanne da rabin gaskiya. Maganin wannan shi ne turawa: shafi mai layi ɗaya da ke kai mutum ga shafin asali. Ba na ƙyashin turawa ko kaɗan. Duk rubutun da na ga wani ya taɓa yi, ko kuskure ne, sai in yi masa turawa. Gardamar wane rubutu ne daidai muna yin ta sau ɗaya, a zaɓi ɗaya, sauran su tura zuwa gare shi.

Jan mahaɗi, wato wanda shafinsa bai wanzu ba tukuna, wasu suna ganinsa abin kunya suna cirewa. Ni ina barin sa. MediaWiki tana da shafi na musamman da ke jera sunayen da aka fi kira alhali ba a rubuta su ba, kuma wannan jerin ya fi duk wani taron tsara aiki faɗa mana abin da ya kamata a rubuta na gaba. Akwai kuma jerin shafuka marayu, waɗanda ba wani shafi da ke kawo mutum gare su, da jerin waɗanda ba sa kai mutum ko'ina. Waɗannan ukun su nake fara dubawa.

To rukuni fa? Muna yi, amma sai shafukan sun taru sun nema da kansu. Al'adarmu ita ce sai an sami kamar goma da suka yi kama kafin a buɗe musu rukuni. A MediaWiki shafi ɗaya yana iya zama a rukuni da yawa, don haka babu dalilin rigima a kan ko "Fis" na Tsaro ne ko na Wayoyi, a sa shi duka biyun. Masu DokuWiki ne ya kamata su ƙara haƙuri, domin can rabon shafuka folda ce, sunan foldar yana cikin adireshin shafin, idan ka ɗauke shafi daga wannan zuwa waccan adireshinsa ya canza. Babban shafi kuma da hannu muke rubuta shi, bisa abin da ya kawo mutum: ina so in fara, wani abu ya lalace, ina neman lamba, ina so in fahimci dalili. Wannan rabon ya yi kusa da wanda Daniele Procida ya tsara ya kira Diátaxis, inda ya raba rubutun fasaha huɗu: darasi, hanyar yin abu, bayanan dubawa, da fashin baƙi. Amfaninsa a wurina shi ne yana hana mutum cusa lacca a shafin da aka zo neman lamba ɗaya.

Abu na biyu mafi nauyi bayan suna shi ne raba hira da matsaya. Mutanen wikin Cunningham sun gano wannan tun da wuri, har suka ba yanayin biyu suna. Shafi yakan fara da zance: wannan ya faɗi nasa ya sa hannu, wancan ya amsa a ƙasa, na uku ya ƙaryata su duka. Daga baya sai wani ya zo ya tace zancen ya mayar da shi rubutu guda mai murya ɗaya, ba sa hannun kowa. Idan ba a yi wannan tacewar ba, mai karatu zai bi sakin layi ashirin na ja-in-ja ya fita bai san abin da zai yi ba. Wikipedia ta sauƙaƙa abin da ta ba kowace maƙala shafin tattaunawa nata daban. Sai dai raba shafi ba ya yin tacewar. Sai mutum ya zauna ya yi, kuma aiki ne mai taɓa zuciya.

Akwai wani dattijo a cikinmu da ya daɗe yana harkar lantarki tun kafin sola ta zama ruwan dare. Ya rubuta cewa kada a haɗa tsohon batir da sabo a layi ɗaya, domin tsohon zai ja sabon ƙasa, ya sa hannu. Wani matashi mai son gyara ya zo ya sassauta jimlar ta koma "ba a cika son haɗawa ba", ya bar sa hannun dattijon a ƙasa. Dattijo ya kira ni ransa a ɓace. Na ce, "Baba, ai maganarka ba ta ɓata ba, tana nan a tarihin shafin da sunanka da ranar da ka rubuta." Ya ce, "Yaro, ni ban ce an goge ba. Cewa na yi an sa min magana a baki." Kuma gaskiyarsa. Daga nan muka tsayar da doka: rubutun da ke da sa hannu ba a taɓa ma'anarsa, sai dai gyaran harafi, rubutun da ba sa hannu na kowa ne, kowa ya gyara. A ƙasan shafuka da yawa muna da sashe mai suna "Abin da muka gani", inda mutum zai ce ni na haɗa kaza da kaza ga abin da ya faru, ya sa suna da wata da shekara. Saman shafin kuwa babu "ni" a ciki. Wanda ya rubuta a sama ya riga ya yarda cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wannan sashen na ƙasa ya warware mana wata matsalar da ban zata ba. Mutane suna son a ga sunansu, kuma ba laifi ba ne. Wiki kuwa ta ɗabi'arsa yana ɓoye suna a tarihi, inda ba mai dubawa. Da aka ba su wurin da sunan zai fito, waɗanda ba sa rubutu a da suka fara.

Bayani yana tsufa, kuma a fanninmu tsufansa yana iya cutarwa. Shafin saita na'urar daidaita caji da aka rubuta lokacin da kusan kowa batirin ruwa yake da shi zai gaya maka ka riƙa yi wa batir wani caji na musamman lokaci-lokaci, wanda ake ɗaga wutar sama da 15V a batirin 12V don ƙwayoyinsa su daidaita. Wannan daidai ne ga batirin ruwa. Batirin litiyam irin LiFePO4 mai ƙwaya huɗu kuwa iyakarsa 14.6V, kuma ba a yi masa wancan cajin sam. Haka shawarar da ake bayarwa cewa kada a zuƙe batir fiye da rabi, ta batirin dalma ce, irin su na ruwa, na litiyam yana jure fiye da haka. Shafin bai yi ƙarya ba ranar da aka rubuta shi, bai dai faɗi wa yake yi wa magana ba. Saboda haka duk shafin da ke ɗauke da lamba dole ya ambaci irin kayan da lambar ta shafa, tun daga suna idan zai yiwu, kuma a samansa akwai layi ɗaya: an duba wannan a wata kaza, shekara kaza. Ba ranar gyara ta ƙarshe nake nufi ba, wannan manhaja tana sa ta da kanta ko waƙafi aka ƙara. Ranar da wani ya karanta shafin daga sama har ƙasa ya ce har yanzu haka ne. "Kwanan nan" da "a yanzu" da "bara" duk muna cire su mu sa shekara.

Wa zai yi duk wannan? A 2006 Jakob Nielsen ya rubuta abin da aka fi sani da 90-9-1: a yawancin wuraren da jama'a ke ba da gudummawa a intanet, kusan 90 cikin 100 karatu kawai suke yi, 9 sukan sa hannu jefi-jefi, 1 ne ke ɗauke da yawancin aikin. Ba doka ce ta lissafi ba, amma duk wanda ya riƙe wiki zai gane fuskokin. Idan ku ɗari biyu ne, mutum biyu ne za su yi aikin, kuma gara a san haka tun farko a daina jin haushin sauran. Aikin mutum biyun ma ba rubutu ne mafi yawansa ba. Shara ce: haɗe shafuka biyu da suka zama ɗaya, gyara suna, sa turawa, ɗaura maraya a jikin wani shafi, tace hirar da ta lafa. Ba wanda zai yaba maka, domin idan ka yi shi da kyau ba a ganin sa. Wurin zaman mai wannan aiki shi ne shafin sauye-sauyen baya-bayan nan. A ƙaramin wiki mutum yana iya karanta duk gyaran da aka yi a yini cikin 'yan mintuna, kuma ya kamata wani ya yi.

Abin da ke faruwa idan ba mai dubawa an gan shi a watan Agustan 2020, lokacin da aka gano cewa kaso mai yawa na Wikipedia ta harshen Scots, ɗaya daga harsunan Sikotlan, wani matashi Ba'amurke ne da bai iya harshen ba ya rubuta shi. Ya fara tun yana ɗan shekara 12, da kyakkyawar niyya, ya shafe shekaru yana ta zuba dubban maƙaloli. Ni ban ga laifin yaron kamar na rashin wanda zai zauna ya karanta abin da ake shigarwa ba.

Sai dai mai dubawa shi ma yana iya zama annoba. Yawan editoci masu himma a Wikipedia ta Ingilishi ya kai ƙololuwa a 2007 sannan ya fara sauka. Aaron Halfaker da abokan aikinsa sun bi diddigin dalilin, suka nuna cewa kayan aikin da aka ƙirƙiro don korar masu ɓarna sun koma suna faɗa wa sabbin shiga masu kyakkyawar niyya: mutum ya yi gyaransa na farko, a soke shi nan take, a aiko masa da gargaɗin da na'ura ta rubuta, ba zai sake dawowa ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Mu dokarmu a nan gajera ce. Ba a soke gyaran farko na sabon mutum sai in ɓarna ce ƙarara ko lambar da za ta iya jawo gobara. Idan ya sa abu a inda bai dace ba a ɗauke a kai inda ya dace, a gaya masa inda aka kai, da hannu, da sunansa. Dokokinmu gaba ɗaya ba su cika allon waya biyu ba, kuma duk wanda ya kawo shawarar ƙara wata sai ya nuna abin da ya faru da ya sa ake buƙatarta. Ɗaya muka aro daga Wikipedia kai tsaye muka ƙara tsananta ta: su sun hana soke gyara fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24, mu sau ɗaya ne, daga nan a tafi shafin tattaunawa.

Ƙofa a buɗe ko a rufe? Jaridar Los Angeles Times ta gwada buɗewa gaba ɗaya a watan Yunin 2005, ta sa sharhinta kan yaƙin Iraƙi a wiki ta ce kowa ya gyara. Cikin kwanaki kaɗan ta rufe, saboda masu lafta hotunan batsa. A Disambar wannan shekarar Wikipedia ta Ingilishi ta hana marasa rajista ƙirƙirar sabuwar maƙala, bayan ƙaryar da aka rubuta a kan ɗan jarida John Seigenthaler ta zauna wata huɗu ba a gani ba. Wikin Cunningham ma, bayan kusan shekara ashirin a buɗe, an mayar da shi na karatu kawai saboda masu ɓarna. Mu muna neman rajista, amma kowa yana iya yi. Wurin rajistar akwai tambaya ɗaya da duk mai harkar sola zai amsa ba tunani, na'urorin da ke yawo suna zuba tallan banza kuwa ba za su iya ba. Masu sayar da kaya maraba da su, domin sun san kaya, amma ba sa rubuta shafin abin da suke sayarwa, sai dai su yi magana a tattaunawa.

Abu biyu ne nake cewa a yi tun ranar farko, su kaɗai. Na ɗaya lasisi. Kowane mai rubutu shi ke da haƙƙin abin da ya rubuta, idan ba a faɗa tun farko a kan wane sharaɗi yake bayarwa ba, ranar da ake son kwafe wikin ko ƙaura da shi sai an nemi izinin kowa, har wanda ya ɓace. Wikipedia ta fara da lasisin GFDL, kuma ba ta iya komawa CC BY-SA ba sai a 2009, bayan da Free Software Foundation, ƙungiyar da ta rubuta GFDL, ta fitar da sabon zubin lasisin a Nuwamban 2008 da wata ƙofa ta musamman da ta ba da damar haka. Ƙaramin wiki ba wanda zai buɗe masa irin wannan ƙofar. Lasisi ne kuma ya ba editocin wikin wasan kwamfuta na Minecraft damar kwashe rubutunsu daga Fandom, kamfanin da ke ɗauke da wikin, su koma adireshin kansu a Satumbar 2023, ko da yake tsohon kwafin ya ci gaba da zama a can. Na biyu ajiye kwafi. Wikispaces, wani dandalin ɗora wiki da makarantu da yawa suka dogara da shi, ya sanar da rufewa a 2018, wanda bai sauke nasa kafin wa'adi ba ya rasa. MediaWiki tana fitar da dukkan shafuka da tarihinsu a fayil ɗaya na XML, amma hotuna ba sa ciki, sai an kwashe su daban. Kwafin ya kasance a hannun mutum biyu, haka kalmar sirrin saba, wato kwamfutar da wikin ke zaune a kai, da rajistar sunan adireshi, kuma lokaci-lokaci wani ya gwada ɗora kwafin a wata kwamfutar ya ga ko yana tashi.

Abin da har yanzu muke kai-kawo a kansa shi ne waɗanda suka fi kowa sanin aikin amma ba sa rubutu. Mutum zai duba haɗin wayoyi sau ɗaya ya gaya maka inda wuta ke zurarewa, amma ka ce ya buɗe shafi ya buga sakin layi biyu, ba zai yi ba. Yanzu abin da muke yi shi ne ya yi bayani da baki a ɗauki muryarsa, wani ya rubuta, a karanta masa ya amince, sannan a ɗora. Matsalar ita ce tarihin shafi sunan mai bugawa yake nunawa, ba mai ilimin ba. Wasu sun ce a buɗe wa kowannensu asusu a riƙa shiga da sunansa, na ƙi, domin ranar da aka sami kuskure ba za a san wa za a tambaya ba, mai faɗa ko mai bugawa. A halin da ake ciki muna rubuta "daga bakin wane" a layin taƙaita gyara, idan kuma ya yarda a sa sunansa a sashen "Abin da muka gani". Sautin muryar muna ajiye shi tare da hotuna, don idan gardama ta tashi a kan lamba a koma a saurara.